Ƙofar Ɗakin Inji

Bergen, watan Maris

Ƙanena Arnfinn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da tsohon jirgin ruwan nan naka mai tari. Ka ce in ba ka labarin horon da aka turo mu. Sai da na zo nan na gane duk shekarun da na yi ina jan 'yan kwana-kwanar tsibirinmu, wutar gida kawai na sani.

Mai koyar da mu wani Tveit ne, tsohon ma'aikacin jirgi, ba ya dariya. Ran farko ya zuba mu cikin wani mushen jirgi, ya kunna wuta. Oddvar ɗinmu, ka san shi da mesar ruwa, ya dinga ɓarin ruwa. Tveit ya ce, "Madalla, ka kashe wuta, ka kuma nutsar da jirgin." Ashe duk ruwan da muka zuba a ciki yake taruwa, har ya karkatar da jirgi.

Ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. In ɗakin inji ya kama, wai kyaftin zai ƙirga mutanensa, a rufe ƙofa, a saki gas mai shaƙe wuta. Mu da muka zo daga tudu aikinmu mu jiƙa bango ta waje, mu jira. Wanda ya buɗe ƙofa ya ba wuta iska, ta tashi sabuwa. Na ce, "In kyaftin ya yi kuskuren ƙirga fa?" Ya ce, "Ƙofa dai tana rufe."

Arnfinn, mu fasa ƙofa muka iya. Kuma jirgi ɗaya ne ke tsayawa a tasharmu kowane mako, kai ne a ɗakin injinsa. Tun ranar abinci ma a tsaye nake ci.

Ka gaida matarka Randi, ka ce mata mijinta ya rage taba.

Yayarki dai, wato yayarka, ka ga har rubutu ya rikice mini,
Gunvor


Cikin jirgi, watan Afrilu

Yaya Gunvor,

Na gaishe ki, shugabar masu mesa. Na karanta wa mai dafa mana abinci wasiƙarki, ya yi dariya har ya ƙona dankali. Ke ce za ki tsaya gaban rufaffiyar ƙofa? Tun muna yara Mama ba ta taɓa dafa kifi ya nuna lafiya ba, saboda ke da ɗaga murfin tukunya.

Ki kwantar da hankalinki. A bayan inji akwai wata siririyar hanya mai tsani, da ƙofarta, tana ɓullewa sama ta wani murfin ƙarfe. Da abin shaƙar iska a rataye a ciki. Tveit ɗinku ya faɗi gaskiya. In ni ne a ciki, ki bar ta a rufe, ki nemi kujera ki sha kofi. Na yafe tun yanzu.

A aiko mini da safar ulu, ba irin ta bara mai ƙaiƙayi ba.

Ƙanenki,
Arnfinn


Tsibiri, watan Agusta

Arnfinn,

Ina gaishe ka, ya jiki? Asibiti sun ce idanunka sun buɗe, hannuwan ne sai a hankali. Na fara wasiƙar nan na yaga ban san iyaka ba. Ina so ka ji daga bakina.

Da rana tsaka ƙararrawa ta kaɗa. Muka tarar da jirginku a ɗaure a tasha, ɗakin inji ya kama wuta, tankunan mai a gefensa, makarantar yara a bayansu. Kyaftin ya ce ya ƙirga, kowa ya fito, kai an ce ka sauka sayen taba, ya riga ya saki gas. Muna cikin jiƙa bango sai na hango rigar ruwanka a rataye, wadda ba ka taɓa sauka babu ita ba. A lokacin muka ji bugu daga ƙasa.

Oddvar ya ɗauko gatari. Na jingina bayana da ƙofar, zafinta yana ratsa rigata.

Ya ce, "Gunvor, matsa."

Na ce, "Ajiye gatarin nan."

"Ƙanenki ne, ke mahaukaciya ce? Ba kya ji ne?"

"Ina ji. In ka buɗe, hanyar da yake ciki ce za ta fara cin wuta. Ku hau sama ku yanka murfin hanyar tsanin."

Ban san kana cikin hanyar ba, Arnfinn. Fata kawai nake yi. Murfin saman ya lanƙwashe don zafi, suka daɗe suna yanka, ni kuwa ina tsaye ina jin bugun yana raguwa, har ya daina. Sai da yamma aka zaro ka.

Tveit ya aiko da yabo, wai zai riƙa ba da misali da mu. Na jefa takardar a murhu. A kanti in na shiga sai hira ta mutu. Randi ta gan ni ta tsallaka titi. Ba na iya zama wuri ɗaya. Na wanke motar kwana-kwana, na sake wankewa, na saƙa safa na warware. Jirgin Bergen zai tashi ran Juma'a, jakata a ɗaure take. Ka ce in zo, ko ka zage ni, amma ka ce wani abu.

Allah ya ba ka lafiya.

Yayarka,
Gunvor


Asibiti, Bergen

Yaya,

Ina gaishe ki. Nas ce ke rubuta mini.

Kin yi daidai. Da kin buɗe, da ni da rabin tasha mun tafi. Zan gaya wa Randi haka, da Oddvar, da duk mai tambaya.

Amma ina kan tsanin nan na ji muryarki ta cikin ƙarfe. Ba murfin nake bugawa ba, ke nake kira. Na san abin da na rubuta miki a watan Afrilu, a lokacin ban san me nake faɗa ba.

Ki aiko da safar. Ke kuma kada ki zo tukuna.

Ƙanenki,
Arnfinn