Na Rage Musu Ƙarfi, Rezo Ya Dawo

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Ya Anti Zuwaira da yara? Mu nan Kara-Kara lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Albishirinka! Lakwal ɗin nan, makarantar da rezon intanet ya gagara, har darakta ya ce in ban gyara ba zai kira wani daga Yamai, to na gama da ita. Da na hau tsani na duba na'urorin wifi na azuzuwan, sai na tarar an ƙure wa kowacce ƙarfi, kuma duk a kanal ɗaya suke, wato tasha ɗaya. Kamar lasifikan biki, kowa na ihu, ba mai jin wani. Na rage musu ƙarfi, na raba musu kanal. Darakta ya ce, "Madam, ƙari muke nema, ke kina ragewa?" Na ce ya gwada ordinatarsa, wato kwamfutarsa. Wallahi kafin ya rufe baki shafin ya buɗe!

Ka sa ni a addu'a, daga Takieta ma an kira ni. Ka gaishe da mutanen gida. Baba kuwa, da ya ce hawan tsani ba aikin mace ba ne, ranar shi ya riƙe mini tsanin.

Ƙanwarka,
Hadiza