Muryar da ke Ƙarshen Faifan Los Tramboyos

Litinin, 4 ga Maris, 2019

Wata mata ta zo da hantsi tana neman "Don Hermógenes mai faifai". Ta ce sunanta Nélida Chirinos, daga Mollendo take, wai mahaifinta Amílcar shi ne mawaƙin ƙungiyar kiɗan nan ta Los Tramboyos. Ni ban ce ta shigo ba. Ƙanwata Rosaura ce ta ture ni gefe, ta ba ta kujera har da kofi.

Abin da take so: in kai faifan gidansu tsohon ya ji. Ba saye ba, ba aro ba, in ji ta. Ji kawai.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tantance wasiƙu a gidan waya. Na san ambulan ɗin da aka buɗe aka sake liƙewa. Maganar matar nan ta cika santsi.

Wa ma ya ba ta adireshina?

Talata, 5 ga Maris

Na sauko da faifan na duba. Yana nan. Ƙaramin faifai, waƙa ɗaya a kowace fuska, tambari ruwan ɗorawa, 1966. Samari huɗu 'yan bakin teku da jita masu arha, suna ihu a garejin wani mai gyaran kwalekwale. An ce ɗari aka buga. Ban taɓa jin wanda ya ga na biyu ba, nan Arequipa ko Lima ko ƙetare. Nawa a kwalin shara na tsince shi a 1994, bayan wani ɗan gidan rediyo da ya rufe a Mollendo.

Sau huɗu na taɓa sa shi cikin shekara ashirin da biyar. Duk sawa ɗaya allura tana cin abin da ba ya dawowa. Rosaura ta ce, "To Yaya, amfaninsa me? Gara faranti, ko ba komai ana cin abinci a kai." Ba ta fahimta.

Alhamis, 7 ga Maris

Gajere ne. Na rantse Gajere ne ya ba ta adireshina.

Asabar, 9 ga Maris

Na je rumfarsa a kasuwar tsoffin kaya. Fortunato Zegarra, amma tun muna makaranta Gajere ake ce masa. Shekara arba'in muna tonon faifai tare, shekara ashirin da biyar yana lasar baki a kan nawa. Bara wani ɗan Sifen mai sake buga tsoffin waƙoƙi ya zauna a rumfar nan wuni guda, ban manta ba.

Na yi kamar wucewa nake. Ya ce, "A'a, compadre, mutumina, yau an buɗe kabari ke nan? Me ya fito da kai?" Na ce iska. Na juya faifai biyu uku, sannan na ce, "Ka san wasu Chirinos?" Ya ce Chirinos ai sun fi kifi yawa a bakin teku. Ya sosa kunne.

In zai yi ƙarya kunne yake sosawa. In ba zai yi ba ma yana sosawa, matsalar ke nan.

Talata, 12 ga Maris

Wasiƙa daga Nélida. Hatimin Mollendo ne na gaske, na duba da gilashin ƙara girma. Da hoto a ciki: samari huɗu a kan duwatsu, gashi ya rufe goshi. Hoto ai kowa na iya saye a kasuwa.

Amma ga abin da ya hana ni cin abincin rana. Ta rubuta cewa ba waƙar ce mahaifinta ke son ji ba. Wai a ƙarshen fuska ta biyu, bayan kiɗa ya tsaya, ƙanensa Wenceslao mai ganga ya yi dariya ya ce, "Amílcar, kai ka ɓata, ba ni ba!" Wenceslao teku ta ci shi a 1967, yana da shekara sha takwas. Ba su da muryarsa a ko'ina. Tsohon idonsa ya tafi, zuciyarsa kuma likita ya ce ta gaji.

Maganar tana nan a faifan. Kalma da kalma. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Gajere sau ɗaya na sa masa, a 2003, kuma fuska ta farko ce kawai.

Laraba, 13 ga Maris

Sai dai in akwai faifai na biyu. Wani ya ji nasa, ya kitsa labarin nan don ya ga lafiyar nawa kafin ya sa wa nasa kuɗi.

Faifai na biyu!

Jumma'a, 15 ga Maris

Rosaura ta karanta wasiƙar ba da izinina ba, ta zauna tana share hawaye da gefen riga. Ta ce, "Da muryar Mamá ce a hannun wani ƙato ya hana ka, ya za ka ji?" Na ce da zan fahimci dalilinsa. Ta ce, "Ƙarya kake, da tuni ka fasa masa taga."

Na canja wa faifan wuri. Ba don ita ba. To, har da ita.

Lahadi, 17 ga Maris

Mun ci adobo, farfesun naman nan, da Gajere bayan coci kamar kullum. Na bari sai da ya cika baki da nama sannan na ce, "Kai ka turo ta." Ya haɗiye, ya sha shayi, ya ce, "Eh, ni ne."

Ko kunya babu.

Wai ta yi wata uku tana bin rumfuna, daga Mollendo har Lima, kowa na ce mata faifan nan tatsuniya ce. Ta zo wurinsa ta tsaya tana kallon kwalaye kamar mai neman kabari. Na ce, "Sai tausayi ya kama ka." Ya ce, "Tausayi ya kama ni, kwaɗayi ma ya kama ni, ba zan ɓoye maka ba. In da hali a naɗe waƙar nan kafin mu mutu. Ka san Rosaura ranar da ka faɗi za ta zuba kayanka a mota a kai juji." Na ce ɗan Sifen fa? Ya ce, "Ɗan Sifen ya mutu tun Nuwamba, kai da ba ka karanta komai sai bayan faifai."

Zan bincika ko ya mutu.

Litinin, 18 ga Maris

Ya mutu.

Alhamis, 21 ga Maris

Na buga wa Nélida waya na kafa sharuɗɗa. Da garmahona zan zo, da allurata. Ba mai taɓa faifan sai ni. Duk wata waya a ajiye ta a kan tebur inda zan gani. Sau ɗaya za a sa, fuska ta biyu kawai. Gajere ba ya zuwa.

Ta ce, "Duk yadda kuka ce, Don Hermógenes." Ko gardama ba ta yi ba. Wanda ya yarda da komai nan take, akwai abin da ya tanada.

Na tambaye ta sunan mai garejin, don in kama ta. Ta ce ba ta sani ba, bari ta tambaya. Na ji wata murya daga nesa, a shaƙe: "Gaya masa gurgu Pantaleón ne, kuma har yau bai biya mu gilashin da ya ce mun fasa da ihu ba." Ban gane wa ke bin wa ba. Ni ma ban san sunan mai garejin ba, balle in ce an yi ƙarya.

Asabar, 23 ga Maris

Mollendo. Awa biyu da rabi muna gangara, faifan a cikin kwali biyu a ƙirjina, garmaho a cinyar Rosaura, don ta ce ƙafarta ƙafata.

Gidan katako ne, fenti ya ɓare, teku na bugawa a ƙasan layi. Don Amílcar na zaune a kujerar kaba, dogo, ya rame, idanu fari fat. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Kai ne ɓarawon da ya kwashe mana shara?" Na ce tsinta na yi. Ya ce, "Haka duk ɓarayi ke cewa. Zauna."

Na duba ɗakin sosai. Rediyo a kashe. Waya biyu a tebur, ta Nélida da ta mijinta, wanda ya gaishe mu ya fita. Na leƙa har bayan labule, Rosaura na harara ta.

Na tambaye shi ina sauran casa'in da tara. Ya ce talatin suka sayar, har da nawa, saura suna ƙarƙashin gadonsa. Ranar da aka cika kwana bakwai ba a ga gawar Wenceslao ba, ya ɗauki kwalin ya hau kan gadar jiragen ruwa ya dinga wurga su ɗaya ɗaya. "Suna tashi da kyau," in ji shi. "Na ce in teku na son mai ganga, ta haɗa da kiɗan." Nasa na kansa ma bai bari ba.

Faifai saba'in a ruwa.

Na goge allura na ɗora. Kiɗan nan kamar ana rushe rumfar kwano, jita na kuka, ganga na gudu ta bar kowa a baya. Tsohon bai motsa ba, sai ya ce, "Kun ji? Sauri yake. Kullum sauri yake, ɗan banza." Kiɗa ya tsaya. Shiru, ƙarar allura. Sai dariyar, sai maganar.

Na sha jin ta, a ganina wani yaro ne kawai ke tsokana. Don Amílcar ya ɗaga fuska wajen garmahon ya ce, a hankali, kamar yaron na tsaye a ƙofa, "Ni na ɓata, Wence. Ni ne."

Nélida ta ce, "Papá…" Ya ɗaga mata hannu. Ya ce da ni, "Maimaita."

Na ce sharaɗi sau ɗaya ne. Bakina ya faɗa, hannuna kuma ya riga ya mayar da allura.

Sau tara. Na ƙirga. A na biyar ya fara ba mu labarin yadda Wenceslao ya yi ganga da fatar akuyar maƙwabta, akuyar da har yau maƙwabtan ke zaton ɓata ta yi. A na bakwai Rosaura na buga ƙafa. A na takwas na juya zan karɓi ruwa, sai na ga aljihun rigar girkin Nélida yana haske. Waya ta uku. Jan ɗigon naɗar murya na ƙiftawa ta cikin yadin.

Ta ga na gani. Fuskarta ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Ba ta cire hannu ta kashe ba, ba ta kuma kawar da ido ba.

Na sa na tara.

Lahadi, 24 ga Maris

To ai ga shi. Tun ranar farko na faɗa. Na gaya wa Rosaura a mota, ina jiran ta ce na yi gaskiya. Ta ce, "Na gani tun na biyu. Ni na matsa mata kujera kusa."

Cin amana har a gidana ma.

Na duba faifan a hasken taga. Wajen ƙarshe ramin ya ɗan yi fari, inda aka fi dawo da allura. Ko idona ne.

Laraba, 27 ga Maris

Kullum da safe ina sa Rosaura ta bincika min a waya ko waƙar ta fito a duniya. Babu. Ta ce in na sake tambaya za ta sa ta da kanta, da bakinta.

Jira suke in saki jiki.

Asabar, 30 ga Maris

Nélida ta bugo. Na shirya mata magana tun kwana bakwai, sai ta riga ni. Ta ce ta yi laifi, ba za ta ce ba ta yi ba. Ta san sau ɗaya ba zai ishi mahaifinta ba, kuma ta san ba zan sake zuwa ba. Ba wanda ta tura wa. In na ce ta goge, za ta goge yanzu ina kan layi.

Na ce ta sa min in ji abin da ta sata.

Kaico. Ƙarar teku, shafar yadi, Rosaura na tari. Ganga kamar ana buga bokiti a rijiya. Dariyar da kyar ake jin ta, maganar kuma rabinta ta nutse. Ta ce haka tsohon yake kara wayar a kunne tun safe har batir ya mutu, yana cewa a ƙara murya, alhali babu sauran abin ƙarawa.

Na ce, "Wannan ba Los Tramboyos ba ne, wannan cin mutunci ne." Na kashe. Ban ce ta goge ba, ban ce kar ta goge ba.

Talata, 2 ga Afrilu

Na biya ta rumfar Gajere. Na ce ya zo gida ranar Alhamis da na'urar naɗar nan tasa da igiyoyinta. Ya buɗe baki, na ce in ya yi murmushi na fasa. Ya rufe baki da hula.

Ya ce, "Fuska ta biyu kawai?" Na ce tunda za a jona igiya, a yi duka, kar a dame ni sau biyu. Ya ce kwafi nawa? Na ce ɗaya na Mollendo. Ya ƙura min ido kamar kare a bakin mahauta. Na ce to biyu, amma in na ji shi a bakin wani ɗan Lima sai na ƙona rumfar nan da shi a ciki.

Ba wani abu ba ne. Ba zan iya barin a ce faifaina haka yake kuka ba, sunana ne a kai.

Gajere ya ce zai aika na Mollendo ta motar haya. Ban yarda da direbobin nan ba. Ni zan kai ranar Asabar. Akwai maganar mai jita na biyu da tsohon ya fara bai ƙarasa ba.