Allurar Kauci

Litinin, 5 ga Nuwamba

Kauci. Shi Dakta Rombach ya ƙara mini yau, a kan ruwan maganin da suke ɗura mini a asibitin Freiburg. Wannan ɗan cin arzikin da tsuntsu ke kasayar da irinsa a kan reshe, shi za a tatse a riƙa tsira mini a fatar ciki sau uku a mako. Ni da na tsufa ina koyar da ilimin sinadarai. Na tambaye shi ko yana kashe ciwon daji. Ya ce a'a, ba mai iya rantsuwa a kan haka, kuma kada in kuskura in bar na asibiti. Wasu dai sukan ce gajiya ta ragu, abinci ya shiga. Wasu sukan ce. A zamaninmu yaron da ya rubuta haka a jarrabawa, sifili ne rabonsa.

Aikin 'yata Gudrun ne. Tana can Hamburg, ba ta iya zuwa, sai ta turo mini ciyawa ta waya.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Mai allurar ta zo. Sista Walburga. Ƙatuwar mace, murya kamar mai kiran shanu, ta shigo mini da taɓo har tsakar ɗaki. Ta ciro 'yar kwalbar daga firiji ta dunƙule a tafin hannu, wai ba a sa wa mutum ita da sanyi. Ta ce yawanci na kan itacen tuffa mata ake ba, nawa daga ƙaton itacen nan ne na daji wanda aladu ke cin 'ya'yansa. Na ce ashe ciwon ma ya san mace ya san namiji. Ba ta kula ni ba. Ta tsunkuli cikina ta ce, "Herr Faller, ina zan kama? Ko kazar miya ta fi ka tsoka."

Tun rasuwar matata Hedwig ba wanda ya taɓa ni sai da safar roba. Ita ma da safa ne. Hannun dai da ɗumi.

Juma'a, 16 ga Nuwamba

Wurin allurar ya yi ja, faɗin gindin kofi, ga ƙaiƙayi. Walburga sai murna kamar an yi mata haihuwa, wai jiki ya amsa. Na ce ko zuma ce ta harbe ni haka zai amsa, a je a kamo zuma mana, ta fi araha. Ta ce, "To, Furofesa." Sunan da ta laƙa mini ke nan, ita da ba ta san bambancin gishiri da kanwa ba.

Ta zauna shan gahawa ba tare da an ce mata zauna ba, kuma kofin Hedwig ta ɗauka, mai tsagin nan.  Ta kurɓa ta ce wannan ruwan wankin tukunya ne.

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Ƙararrawar coci. Dusar ƙanƙara. Ba kowa.

Litinin, 3 ga Disamba

Walburga ta kawo miyar dankali a 'yar tukunya, wai ragowar ta gidanta ce. Na ci kwano biyu. Nan take ta ce ka gani, kaucin ne. Jahilci ba shi da magani. Wa ya san ko kaucin ne, ko miyar ce, ko hutun ruwan asibiti ne na wannan mako? Abu uku a lokaci ɗaya ba ya zama hujja, na yi mata bayani dalla-dalla. Tana ta labarin surukarta da ta ƙi cire haƙori, ban tabbata ta ji ko kalma ɗaya ba.

Akwai na huɗu: mutum a zaune a ɗaya ɓangaren tebur. Wannan ban sa shi a lissafi ba.

Ta leƙa taga ta ga itacen tuffar Hedwig, kauci ya yi masa tuntu a kowane reshe, ta ce ga arziki a bayan gida. Na ce arzikin ne ke shanye itacen. Na riga na gaya wa maƙwabcina Pirmin ya zo da zarto.

Laraba, 12 ga Disamba

Ofishin su Walburga ya ce ma'aikata sun yi kaɗan. Allurar kauci dama a gida mutane ke yi wa kansu, saboda haka duk mai hannu lafiya ya koya. Bayan Kirsimeti ba mai zuwa sai wurin waɗanda suka kasa. Ta bar mini sirinji, ruwan gishiri da lemo biyu in gwada. Juma'ar makon gobe za ta duba hannuna.

Madalla. In huta da taɓo da surukar wani.

Asabar, 15 ga Disamba

Na yi wa lemon allura. Abin da ake ta yi wa girman kai ke nan? Hannun da ya saba zuba ruwa mai cin ƙarfe ɗigo-ɗigo. Na jera hujin a layi, ko ɗaya bai karkace ba. Na yi wa cikina ma sau ɗaya, ko zafi babu.

Daga nan na zauna ina kallon firiji har la'asar ta wuce.

Litinin, 17 ga Disamba

Gudrun ta kira. Ta ce, "Baba, tunda ka ce banza ne, ka bari kawai. Ni don ka samu sauƙi na ce." Na ce ba a barin gwaji a tsakiya. Ta yi dariya ta ce yaushe na yi imani da ciyawa, ko dai mai allurar ce. Na ce miya na kan wuta. Babu wata miya.

Ba za ta zo Kirsimeti ba. Wataƙila da bikin Ista.

Juma'a, 21 ga Disamba

Hannuna ya yi rawa. Sanyi ne, ɗakin bai gama ɗumi ba. Na kasa fasa wuyan kwalbar, da na fasa kuma rabin ruwan ya zube a wando, allurar ta faɗi ƙasa. Tsufa dai.

 Walburga ta miƙa hannu cikin kwano ta ɗauko lemon, wanda na manta ban jefar ba. Ta jujjuya shi a hasken taga, tana bin layin hujin da babban yatsa. Ta daɗe. Na ji kunnuwana sun yi zafi kamar na yaron da aka kama da satar amsa.

"Wannan lemon ya samu likita," in ji ta.

Na ce ranar hannun da sauƙi, abin zuwa yake yana tafiya.

"Haka ne, Furofesa. Mai zuwa yana tafiya ya fi haɗari." Ta jefa lemon a jakarta. "Zan gaya musu ba a barin ka da allura. Ɗaga riga."

A bakin ƙofa ta ce in har za ta ci gaba da hawo wannan tudu a cikin ƙanƙara, to a sayo gahawa ta kirki.

Asabar, 22 ga Disamba

Na sauka kanti da sanda. Gahawar tsada ce da ita, rashin kunya. Na sayo.

Pirmin ya zo da zarto da tsani. Na ce ya bari sai bazara, reshe da santsi, kada ya faɗo a ce ni ne. Ya ce ai da sanyi ake sare kauci, lokacin da babu ganye. Na ce na sani.

Maganin dai ban ga abin da yake yi ba. Na wanke kofi mai tsagin na kife a kusa da nawa.