Gangar da ake so in roƙa gafara

Assalamu alaikum 'yan kulob ɗin sauraron rediyo. Sakatare, ka karanta amma ka ɓoye sunana, ko da yake rabin Tsarnawa daga tarina ma suna gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, bakina ya jawo mini.

Ni manomi ne, da rani ina dakon siminti a Malbaza. Bana aka turo mana wani mushe, wato malamin boko, daga Yamai ya koya wa manya karatu bayan la'asar, siriri, wandonsa kamar a jikinsa aka ɗinka. Maimakon baƙaƙe, sai ya ce zai buɗe mana kai da wani abu wai hilozohi, wato falsafa. Rannan ya yi awa guda yana zufa, wai in aka sake kowane ɓangare na abu, shin abin nan ne ko wani ne daban. Mu ashirin, sha tara na gyangyaɗi, ni ma kuɗin cizon tabarma ne ya hana ni. Na ce mushe zauna ka huta, bari in faɗa musu da Hausa.

Na ce ku dubi gangar Na-Allah makaɗi, wadda yake rantsuwa ta kakansa ce. Fatar an sake ta ya fi sau ɗari, icen gara ta cinye aka sassaƙa sabo, igiyar ma ni na sayar masa bara. To me ya rage na kakan, in ba hana mutane barci ba? Aka yi dariya har wani tsoho ya shaƙe da goro, kuma wallahi kowa ya gane tambayar. Mushe ya tafa, ya rubuta a kayensa, wato littafinsa, kamar shi ya haife ta.

Kafin magariba zance ya kai wa Na-Allah. Ya rantse ba zai yi kiɗa a gayyar noman gonata ba, kun kuwa san samarinmu, in babu ganga ko hauya ba sa ɗagawa. Ciyawa ta rufe gerona har akuya ta shiga kwana uku ba a gan ta ba. Sharaɗinsa wai ranar kasuwa in cire hula, in durƙusa gaban gangar, ita kanta, in roƙe ta gafara. Mutum da gemunsa! Na je wurin mushe ya sa baki, sai gwanin ya ce shi tambaya kawai ya yi, hilozohi ba ta ba da amsa, ya hau kekensa sai Konni. Ilimin da ba ya iya cire ciyawa ɗaya ke nan.

Uwargida ta ce in ban durƙusa ba, bana hilozohi za mu tuƙa mu ci. Jibi kasuwa. In durƙusa, ko in bar gero ya mutu? In kuma durƙusawar ce, ku gaya mini wa na zaga, fatar bana ko igiyar da na murza da hannuna?