Dalilin da Ya Sa Na Kwance Tayar Jif

Tambuwal,
Asabar, cikin watan Agusta.

Zuwa ga Yaya Atiku, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah shi ƙara maka lafiya da rufin asiri, shi tsare ka a wurin aiki. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa gidan maƙwabta ba sanda. Ɗiyarka Hamdiya tana nan manne da ita, ta iya dama fura yanzu, ko da yake rabi a ƙasa take zubarwa. Ruwa ya samu bana, geron gonarmu ta Jabo ya fara fidda kai.

Yaya, saƙon muryar da ka aiko shekaranjiya na saurare shi har sau fuɗu. Ka ce in maida tayar jif in miƙa wa Mannir makulli, ka ce neman suna nika yi, kuma na ci mutuncin Baffa Malam Nu'umanu a gaban mutane. In na kira ka a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, shi ya sa na zauna na rubuto.

Kafin komi, bari in tuna maka da wa kake magana. Aji uku na sakandare na tsaya, shekarar da Baba ya rasu. Na tafi Sakkwato da riga biyu, na yi shekara takwas a ƙarƙashin motocin mutane, ba wanda ya kai ni, ba wanda ya leƙo ni. Na dawo na sami fili a bakin titi na kafa gareji. Ramin duba mota da ke ciki ni na haƙa shi da hannuna, cikin azumi. Na gina ɗaki uku, na yi aure, na sa 'ya'yana makaranta, ban taɓa tsayawa ƙofar wani ɗan'uwa ina murza hula ba. Yau direbobi daga Jega da Yabo da Kebbe suna wuce gareji goma su zo nawa, don sun san in na kasa kunne ga mota sau ɗaya zan faɗi ciwonta. Wanga shi ne mutumin da ka ce shina neman suna da tayar mota guda.

Shekara uku ke nan da ka aiko da jif ɗin nan don zirga-zirgar Inna da Baffa. Ka ce Mannir ɗan Baffa shi zai riƙe ta, tunda shi ke da difloma. Ka haɗo da ɗan littafi mai shuɗin bango, ka ce a riƙa rubuta duk aikin da anka yi mata. A shekara ukun nan ko iska ba a taɓa kawo ta ta sha a garejina ba, ni kuma ban taɓa shigarta ba sai ranar Laraba ta makon jiya, da munka je ta'aziyya Dogon Daji, Baffa ya ce in bar babur in shigo mu koma tare.

Ka san dokar motar. In Baffa na ciki karatun Alƙur'ani ake sawa, da ƙarfi kuma, saboda kunnenshi ya yi nauyi, kuma ba mai kai hannu wurin har a sauka. Na zauna baya ta hannun dama. Tun ba mu fita gari ba na ji tafin ƙafata na rawa. Da Mannir ya taka mai sai rawar ta ƙaru. In anka karkata hagu ta tsananta, in anka karkata dama ta lafa. Na san abin da ke yin haka, amma sai na ji da kunnena kafin in tabbatar. Sau biyu na roƙi Mannir shi rage sauti, ya yi kamar ba da shi nika ba. Na ukun ban roƙa ba. Na miƙa hannu ta tsakanin kujeru na kashe, a tsakiyar aya. Ban ɓoye maka ba, haka anka yi, kuma akwai almajiran Baffa manya guda biyu a ciki. Motar ta yi tsit. A cikin tsit ɗin nan kowa ya ji abin da karatu ya daɗe shina rufewa, wani gurnani daga tayar baya kamar injin niƙa a unguwa ta gaba. Na sa anka tsaya, na ɗauki butar Baffa na yayyafa ruwa a tsakiyar tayar, sai tururi ya tashi. A hankali munka rarrafo gida. Baffa bai dube ni ba har munka iso.

Washegari Inna ce ta sa baki anka kawo motar wurina. Na ɗaga ta da jak, na kama tayar sama da ƙasa na girgiza, tana wasa kamar haƙorin da ya kusa fita. Da na kwance na buɗe boris ɗin, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ban iske ko ɗigon giris ba. Laka ce da tsatsa. Ƙwallayen sun koma shuɗi don zafi, biyu sun riga sun fashe. Na hagu ma ya fara bin sahu. Sai zuciyata ta ba ni in duba giya. Motar ai mai canza giya da kanta ce, kuma man giyarta in shina da lafiya ja ne kamar zoɓo. Abin da na zaro a jikin sandar aunawa kunun gyaɗa ne, ga ƙauri. Ruwa ya shiga. Da na matsa wa Mannir da tambaya, sai ya ce ai ta daɗe tana ɗan jinkiri kafin ta kama, sannan ta zabura, shi ya ɗauka halin manyan motoci ne.

Ga inda ruwan ya fito, kuma kowa a garin nan ya sani sai kai. Duk safiyar Juma'a Mannir shina kai ta tafkin bayan gari shi kutsa da ita har ruwa shi rufe rabin taya, shi wanke ta tas don ta yi ƙyalli in za ta kai Baffa masallaci. Niyyarshi mai kyau ce, uba shika girmamawa. Amma ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi zuƙa shika yi. Akwatin giya na da 'yar kafa da take numfashi, ta nan take shan ruwa kowane mako, giris ɗin taya kuma shina wankewa kaɗan-kaɗan. Na buɗe littafinka mai shuɗin bango. Shafi goma sha ɗaya, duk abu guda ne: an canza baƙin mai, sa hannun Mannir. Ba man giya ko sau ɗaya, ba giris ko sau ɗaya. Daga waje mota kamar amarya, ciki kuwa Allah kaɗai ke riƙe da ita.

Da na faɗa mashi haka a gaban direbobin da ke zaune, ranshi ya ɓaci. Ya ce motar da ta yi shekara uku tana zuwa Kebbe ba za ta mutu don wani likitan taya da bai gama sakandare ba ya hau ta sau ɗaya. Ya ce a cusa giris a maida, in an dawo daga walimar Kebbe a yi aikin. Na ce mashi shi injiniyan soso da sabulu ne, kuma in shina son wanki akwai kekunan 'ya'yana a gida. Anka yi dariya, ya fita a fusace, daga nan ya kira ka. Na san abin da ya faɗa maka, kuma na san abin da ya bari.

Yaya, walimar saukar karatun da Baffa ke zuwa Kebbe kowace shekara Alhamis ta sama ce, kwana goma sha biyu daga yau. Kai ka daɗe ba ka bi wagga hanya da damina ba. Ramuka ne da laka, ga gangaren nan da ke sauka kan ƙaramar gada, inda dole a taka birki mota na karkace. Boris irin wanga ba shi ba da sanarwa. Ko dai shi ƙage tayar ta tsaya cak mota ta juya, ko shi sake ta ta fice ta bar ku a kan uku. Ka san wa ke zama a kujerar da ke bisa wagga taya? Inna. Nan take so, don ta wannan ƙofar ƙafarta ta fi sauƙin hawa. Hamdiya kuma a jikinta take zama. Da na yi wa Inna bayani sai ta ce ashe mota ce, ita tun bara take jin ƙafafunta na zuga in an yi tafiya, ta ɗauka tsufa ne, har ta sa anka jiƙa mata saiwa. Ta yi dariya. Ni ban iya yi ba.

Batun kashe karatu kuwa, na san nauyinshi. Ba a gidan jahilai anka haife ni ba. Ranar Juma'a bayan la'asar na je zauren Baffa na durƙusa na nemi gafara, na ce in da akwai wata hanya da ban yi ba. Ya ci gaba da jan carbinshi. Amma ranar Litinin sai ga shi a garejina da ƙafarshi, wurin da bai taɓa takowa ba. Ya ce in nuna mashi abin. Na miƙa mashi hob ɗin, wato kan ƙarfen da ake ɗaure taya a jiki, da boris ɗin a ciki. Ya naɗe hannun riga ya juya shi a hankali, ya kai kusa da kunnenshi mai ji, ya sake juyawa. Ya daɗe. Sannan ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya ce motar Atiku ce, abin da Atiku ya yanke shi za a yi. Ka ga ke nan magana ta dawo hannunka, kai kuma ka yanke ta ba ka ji rabinta ba.

Don haka ƙunshin da Abdulhakeem direban motar albasa zai ba ka tare da wagga takarda, hob ɗin ne. Na naɗe shi a tsumma da leda. Eh, na aiko maka da shi Fatakwal, don kada wani shi maida shi a bayan idona. Ka kashe rediyo, ka sa yara su yi shiru, ka juya shi da hannunka kamar yadda Baffa ya yi. Bayan ka ji, sai ka sake aiko mani da saƙon murya ka ce neman suna nika yi.

Abdulhakeem zai iso ranar Talata, shi juyo kafin Litinin ta sama. Ka nemo hob biyu na asali, dama da hagu, lambar na nan a jiki, da man giya na gaskiya da matacinshi, ka ba shi. Kwana biyu sun ishe ni. Zan zubar da man in sake har sai ya fito ja, in ɗaura tayoyin, in fita da ita titi ba abin da ke tashi a ciki sai numfashina. In ta yi shiru ta tafi Kebbe. In giyar ba ta gamsar da ni ba zan faɗa, su tafi a tsohuwar motata, ko da ba ta ƙyalli. Amma ka sani Mannir ya tafi Sakkwato jiya neman hob na hannu. In ya samo kafin ka yi magana, zai kira wani shi ɗaura mashi, giya kuma a bar ta da kununta. Ranar Talatar nan da kaya sunka iso ka, kada ka kwana ba ka kira Baffa ba. In kuma ka tsaya a kan maganarka ta farko, motarka ce, sai dai Inna da Hamdiya ba za su shige ta ba, ko da zan kwanta a gaban taya ne duk unguwa na kallo.

Ka gaishe mani da Anti Fadima da su Jamaluddeen da Kamila. Maiɗakina Zahara'u na gaishe ku, ta ce yajin da ke cikin ƙaramar ledar na Anti ne, kada a haɗa shi da ƙarfe. 'Yar'uwarmu Raihanatu da maigidanta suna miƙo gaisuwa. Inna ta ce Allah shi yi maka albarka, ta ce kuma ku bar faɗa.

Abu ɗaya nika nema wa kaina. Littafin nan mai shuɗin bango shina hannuna, shafi na goma sha biyu fari ne. Ban rubuta komi ba, don ba wanda ya taɓa ba ni izinin sa alƙalami a ciki. In ka kira Baffa, ka ce mashi shi rubuta da hannunshi, da kwanan wata, cewa Namadi ɗan Mu'awiya ya duba wagga mota, ya iske boris ya mutu, giya ta sha ruwa, ya ce kada ta hau hanyar Kebbe sai an gyara. In kunka bi maganata, a rubuta. In kunka ƙi ta, nan ne ma na fi son a rubuta. Ba likitan taya ba, ba ƙanen Atiku ba. Sunana cikakke.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,
Namadi Mu'awiya, mai gareji, Tambuwal.