Shekara Shida Ana Dukansa da Sunana

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da masu karatu duka, na nan wajenmu da na ƙetaren iyaka. Da ajami na rubuto wasiƙar nan, ku taimaka ku juya ta boko, kuma don Allah kar ku sa sunana. Wanda zai zage ni ya yi haƙuri ya kai ƙarshe tukuna, domin duk zagin da zai yi mini na riga shi yi wa kaina.

Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, gyaɗa nake saye da kaka ina kai wa kamfani, amma asalina Tsibiri. Bara aka zaɓe ni cikin kwamitin iyayen yara na lakwal, wato makarantar boko, kuma duk inda na wuce a garin nan mai takarda ake ce mini. To ni ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. Ga yadda aka yi. Muna yara kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya aiko a ba da yara lakwal, aka yanka wa gidanmu ɗaya, sunana aka rubuta. A lokacin wa ke ba Nasara ɗansa da daɗin rai? Uwata ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba, tana kuka za a mayar da ni kafiri. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wani Anne, mai bin addinin gargajiya, mutumin Jiratawa da ke yi masa noma a fadama, shi Annen yana da ɗa tsarana, bari in kira shi Nomau ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ranar da gardi, ɗan sandan kumandan, ya zo ɗaukata aka tura ni cikin rumbu, aka sa wa Nomau rigata, aka ce masa daga yau in an kira suna kaza kai za ka amsa. Ba mu kaɗai ba ne, gidaje da yawa haka suka yi, shi ya sa har yau babu mai tada maganar a Tsibiri.

Shekara shida ya yi ana kiransa da sunana, ana dukansa da sunana. In an ba su hutu ya zo gida, takwara yake ce mini, ya ɗaga riga ya nuna mini bayansa. Ya ba ni labarin wani ƙashi da ake rataya wa duk wanda ya yi Hausa a aji, wanda yamma ta same shi da shi a wuya shi ne zai sha bulala. Ya ba ni labarin gidan da aka ajiye shi a Maraɗi, inda sai ya cika randuna kafin a ba shi ƙanzo. Ni kuwa me nake yi? Dariya. Ina cin tuwon uwata ina dariya. Shi ne ma ya koya mini rubuta sunana da boko a kan rairayi, ya ce, "Tunda naka na, takwara, ka iya shi." Da ya gama ya ci sartifika, mahaifina ya karɓi takardar ya ce da ubansa, "Sunan wa ke jiki?" Tsohon ya sunkuyar da kai. Aka jefa ta cikin akwati, Nomau ya koma Jiratawa noman taba da gero, ni na shigo birni na yi aure na yi arziki daidai gwargwado. Da Baba ya rasu akwatin ya faɗo rabona.

Da na bar ta a can ta ci gaba da barcinta, da ba ku ji ni ba yau. Amma sai direktan lakwal, wani mutumin Dahome, ya sanar cewa hukuma ta yarda iyaye su zaɓi mutum biyar da za su riƙa zama da shi. Abokan kasuwa suka zuga ni, ni ma zuciyata tana son a ce da ni wani abu ban da mai gyaɗa. Kujerar unguwarmu, wadda aka haɗa da ƙauyukan fadama, ni da wani tsohon soja muka neme ta, Sajan ake ce masa. Mutumin nan ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Ni ban iya karatu ba, amma na ga abin da rashinshi ya yi muna a bariki, ba ni so ɗiyanmu su gani." Gaskiya tsagwaronta ya faɗa. Ni kuwa sai na zaro takardar daga aljihu na ɗaga sama, na ce wanda bai san ƙofar aji ba ta ina zai gyara aji? Maroƙi ya ɗauka, mutane suka fashe da dariya, Sajan ya zauna yana murza hularsa. Har yau in mun haɗu a masallaci shi ke fara miƙo mini hannu, ni kuma in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abubuwa uku na yi kamfe a kansu: a daina rataya wa yara ƙashi, a riƙa sakin su lokacin noman fari su taimaki iyaye, a kuma gina aji a Jiratawa don kar a ƙara kai ɗan kowa gidan da za a mayar da shi bawan randa. Kun ga inda na samo su ko? Ko ɗaya babu nawa. Kuma ban tsaya nan ba, har labarin na sace. A kowace unguwa sai in ce ni aka rataya wa ƙashin, ni na ci ƙanzon, ni na kwana da zanen bulala. Tun ina jin nauyin bakina har na ƙware, na san inda zan sassauta murya mata su yi salati. Ranar da na je Jiratawa, ƙarƙashin wani gawo, ina tsakiyar labarin randuna sai na hango shi a bayan taro, da hauya a kafaɗa, yana kallona. Na jira ya ɗaga murya ya tona ni, sai ya gyara tsayuwa ya saurara har na gama. Ranar zaɓe aka ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so, na waiga na gan shi cikin layina. Da aka watse na ja shi gefe na ce don me? Ya ce, "Ba kai na tsaya ma ba, takwara. Ajin nike so."

Zaman kwamiti bai tona ni ba. Sauran huɗun ba su iya karatu ba, dole direkta ya karanta komai da ƙarfi a fassara musu, ni kuma in laɓe a bayansu ina gyaɗa kai, in jefa ɗan Faransancin kasuwa, in an miƙo takarda in zana sunana. Kuma ban yi ƙarya a kan aikin ba, na yi. An daina rataya ƙashin. Ajin Jiratawa ya tashi, mutanen gari suka yi gayya, mata na ɗibar ruwa maza na kwaɓa ƙasa, na saya musu azara daga aljihuna. Nomau shi ya ja igiyar awo, shi ya ce a sa tagogi ta arewa don kar rana ta dami idon yara. Iyayen da a da suke ɓoye 'ya'yansu, su da kansu suka zo suna rubuta suna, saboda mai takarda ya ce musu babu komai.

Sai ga shi babu mushe, wato malamin lakwal, da zai koyar. Direkta ya ce ya rubuta ya gaji, an amsa masa cewa babu mutum, amma in akwai mai sartifika a ƙasar, a kawo shi da takardarsa a ɗauke shi. In kuwa aka dawo daga hutu bayan damina ba a samu ba, za a kwashe bencin, yaran da aka rubuta kuma gardi ya kawo su birni a rarraba su gidaje kamar da. Har ya kalle ni yana murmushi ya ce ashe da ni ba babban ɗan kasuwa ba ne da ni zai roƙa in riƙe ajin. Na yi dariya tare da shi.

Kwana biyu bayan haka Nomau ya same ni a rumfata. Bai zauna ba. Ya ce, "Ɗan maigida, ba ni takardata." Ban taɓa jin ya ce takardata ba sai ranar. Na ce ka san sunana ke jiki, in ka kai ta za a tambaya. Ya ce, "Sai a tambaya. Ka tashi mu tai tare, ka hwaɗa musu yadda anka yi." Na ce ka san abin da kake cewa kuwa? Za a ce an yaudari hukuma, za a tono Baba a kabarinsa, za a bi gidajen Tsibiri ɗaya bayan ɗaya, kai kanka ana iya rufe ka a kaso, gidan yari. Ya ce, "Ni kaso bai ba ni tsoro, na yi shekara shida ciki saboda kai. Kai dai ka ce kujera taka ce ba ka iya bari." Na ji zafin maganar, na ce masa bayan duk abin da na yi wa garinku? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mi ka yi? Ka sai azara." Ya juya ya tafi.

Kunya ba ta hana ni ƙara wani abin kunyar ba. Ranar kasuwa na aika masa da sa guda da buhun gero biyu, wai ko zai yi shiru. Kafin la'asar an dawo mini da su, da saƙo cewa 'yarsa da ɗan ƙanensa suna cikin waɗanda aka rubuta, in tambayi san da na aika ko ya iya koyar da su.

Ina jin haushin Baba da ya ɓoye ni, ina jin haushin Nasaran da suka sa uwa ta gwammace ɗan wani ya sha wuya, har Nomau ina jin haushinsa don bai tsinka ni tun a ƙarƙashin gawo ba, ya bar ni na yi nisa. Amma ba su suka zaro takardar gaban Sajan ba, ni ne. In na fito na faɗa, mutuncina ya zube a garin da nake ciniki da mutunci, 'ya'yana su tashi ana nuna su, dattawan Tsibiri su tsine mini, kuma babu tabbas Nasara zai yarda ya ba Nomau aikin. In na yi shiru babu abin da zai same ni ko ƙwarzane, Nomau ba zai kai ni ƙara ba, na san shi. Sai dai in tsaya bakin rumfata in ga gardi ya wuce da yaran da iyayensu suka ba da su saboda maganata.

Gero ya fara fitar da kai, hutu ya kusa ƙarewa. Ku da ba ku san fuskata ba, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: me zan yi?