Jinin Gida da Kika Nace a Kai

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji.

Umma, maganar autarki Rabi ce. Sikilar nan ta sa ta a gaba tun rasuwarki. Likitan jini ya ce dashen ɓargo ne kaɗai zai iya raba ta da ciwon, kuma ba kowa ake yi wa ba, sai an sami wanda ɓargonsu ya zo ɗaya. Duk 'ya'yanki aka gwada mu. Nawa ne ya dace. Ranar da na ji, daga asibiti har gidanmu a unguwar Koki a ƙasa na tako, ina murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Kin tuna duk sanda za a yi mata ƙarin jini? Ki aika a taso ni daga kan keken ɗinki, ki ce, "Ba za a ɗura wa 'yata jinin wanda ban san asalinsa ba, ga jinin gida." In na fito ina jiri, ki tare ni da farfesun hanta, kina tsokanata wai ƙato da tsoron allura.

To, da muka koma, likitan ya tambaye ni ko na taɓa ba ta jini. Har da ƙirjina na buga, na ce ai ba ya ƙirguwa. Sai ya ajiye biro. Ya ce mai yiwuwa jikinta ya riga ya san jinina, ya ɗaura ɗamarar yaƙarsa, in aka dasa ɓargon ya ƙi karɓa. Sun ɗebi jininta su duba. Kafin sakamako ya fito, ya hana ni ba ta ko ɗigo.

Ban ga laifinki ba, Umma, ƙauna ce ta sa. Amma wallahi tsoro nake ji. Ban gaya wa Rabi ba, don dashen nan kaɗai take riƙe da shi a ranta.

Shekaranjiya ciwon ya tashi, aka rataya mata ledar jinin wani bawan Allah. Ta dubi ledar, ta dube ni, ta ce, "Yaya, kai ma ka gaji da ni ko?" Sai ta juya fuskarta bango.

Allah Ya haskaka kabarinki. Ita kuwa Rabi, Allah Ya bar mana ita, kada ta biyo ki yanzu.

Ɗanki mai kewarki,
Habibu